Gudun fanfalaki a bakin tafkin Madarunfa: rashin tudu yana sauƙaƙa shi?

Tambaya: Malam, ni matashi ne a Maradi, nauyina kilo 65. Na yi rabin maraton a kan kwalta cikin awa 1 da minti 50. Ni da abokaina muna shirin yin cikakken maraton a hanyar ƙasa ta bakin tafkin Madarunfa. Tunda wurin a shimfiɗe yake, ba hawa ba gangara, ina ganin zan iya gamawa a awa 3 da minti 40. Lissafina ya yi daidai?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Awa 1 da minti 50 a rabin maraton ba aikin rago ba ne, kuma ya nuna kana da ƙafa. Amma lissafin nan naka bai yi daidai ba, kuma gara in gaya maka tun yanzu da ka je ka gano a kilomita na 32, nesa da gari, rana ta take. Ninka lokacinka ka yi sau biyu. Wato kana so ka riƙe minti 5 da daƙiƙa 13 a kowace kilomita har kilomita 42 da mita 195, saurin da ka riƙe a rabin wannan nisa. Ko zakarun duniya ba sa yin haka. Akwai wani lissafi da masu horar da ƴan gudu suka daɗe suna amfani da shi, na wani injiniya Ba'amurke mai suna Peter Riegel. In aka saka lokacinka a ciki, yana ba da kusan awa 3 da minti 50, kuma wannan a kan kwalta ne, cikin sanyi, ga mutumin da ya riga ya yi horon dogon zango. A bakin tafki, a karonka na farko, ni a ganina ka sa ranka tsakanin awa 4 da minti 20 zuwa awa 4 da minti 45. In ka samu haka ka yi abin a yaba.

Bari mu fara da shimfiɗar da ta ba ka ƙwarin gwiwa. Gaskiya ne a hanyoyi marasa tudu ake kafa manyan tarihi. Eliud Kipchoge ya yi awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Berlin a 2022, Kelvin Kiptum ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023, dukkansu a shimfiɗe suke. Sai dai kwalta ce mai santsi, ga sanyin kaka na ƙasashen Turawa, ga masu ja musu gudu a gaba, ga abin sha yana jiransu duk bayan kilomita 5. Shimfiɗa abu ɗaya ne kawai cikin abubuwa da yawa da suka haɗu.

Kuma shimfiɗar tana da nata sharrin, wanda ba a cika faɗa wa sabon ɗan gudu ba. Maraton taku ne wajen dubu 40, kowane taku kuma yana sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jikinka sau biyu zuwa uku. A hanya mai hawa da gangara aikin yana zagayawa: wajen hawa ƙugu da sha-raɓa ne ke ɗauka, wajen gangara cinya ce, tsawon takun ma yana canzawa, wani sashen jiki ya ɗan huta yayin da wani ke aiki. A shimfiɗe babu wannan karɓa-karɓar. Tsoka ɗaya, kusurwa ɗaya, wuri ɗaya a gwiwa da agara ke shan duka tun daga farko har ƙarshe, kamar yadda igiyar guga ke cin itacen bakin rijiya a gurbi ɗaya har ta yi masa rami. Shi ya sa za ka ga mutum numfashinsa lafiya lau, yana magana, amma cinyarsa ta ɗaure, bayan gwiwa ya ƙulle, ya kasa ɗaga ƙafa.

Sharri na biyu ya fi wannan. Tudu yana tsawata wa mai gaggawa. Da ka fara hawa da ƙarfin da ya wuce naka, haki zai gaya maka nan take, ka rage. A shimfiɗe ba abin da zai tsawata maka. Da sanyin safiya, jiki sabo, abokai a gefe, kilomita 15 na farko za su wuce kamar wasa, ka duba agogo ka ga kana gaba da lissafinka, ka ji daɗi. Bashi ne kake ci a lokacin, kuma bayan kilomita 30 za a zo karɓa.

Ga yadda bashin yake. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, ana ce masa gilaikojin, kuma duk abin da mutum zai iya tarawa bai wuce wajen kalori 2000 ba (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Gudu kuwa yana cin kusan kalori 1 a kowane kilo na nauyin jiki a kowace kilomita. Kai mai kilo 65, maraton zai ci maka wajen kalori 2700. Ka ga akwai giɓi. Kitse ne ke cike giɓin, kuma ko siririn mutum yana da kitsen da ya ishe shi, amma kitse a hankali yake ƙonewa, ba ya ba da sauri. Iya saurinka, iya yawan sukarin da kake ƙonawa. Wanda ya fita da zafi yana cinye ajiyarsa da wuri, sai a wajen kilomita 30 zuwa 35 ta ƙare. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba yana ɗauka gajiya ce irin wadda ya sani. Ta wuce nan. Ƙafa ta yi nauyi, kai ya yi fayau, lissafin ƙananan lambobi ya gagara, mutum ya ji haushin kowa, wani har kuka yake yi ba tare da ya san dalili ba. Rabin maraton ba ya kai mutum nan, domin ajiyar ta isa kilomita 21. Saboda haka abin da ka sani game da jikinka a rabin maraton bai gaya maka yadda zai kasance a sa'a ta huɗu ba.

Yanzu ƙasar kanta, wadda a nan ne nake so ka fi mai da hankali. Wanda ya hango bakin tafkin Madarunfa daga mota zai ga fili ɗaya ne. Mai gudu kuwa ƙasa iri-iri zai taka. Akwai wurin da ruwa ya ja baya ya bar laka ta bushe ta tsattsage. Shanu sun bi ta kanta tana danye, kofatonsu sun bar ramuka, rana ta gasa su sun yi tauri. Kowane taku a nan, idon sawu sai ya nemi yadda zai zauna, ƙananan tsokokin tafin ƙafa da na gefen ƙwauri suna ta gyara, ba ka ji a awar farko, a ta uku kuwa su ne za su fara kuka, kuma a nan ake targaɗe idan gajiya ta sa ido ya daina duba ƙasa. Akwai hanyar amalanke, mai rairayi a tsakiya da gurbin taya a gefe. Akwai jigawa, inda ƙafa ke nutsewa. An auna a binciken kimiyya cewa gudu a busasshen rairayi yana cin ƙarfi kusan sau 1.6 na gudu a ƙasa mai tauri, domin agara tana aiki ne da dawo da ƙarfin da aka danna mata, rairayi kuma yana shanye shi, duk takun da ka yi ƙafa ta ɗan zame baya. Ko da kilomita 8 ne kaɗai na rairayi a cikin 42, sun isa su matso da ƙarewar ajiyar sukarinka kusa. Kada ka yi faɗa da rairayi. Ka gajarta taku, ka sauke tafin ƙafa gaba ɗaya, ka bi sawun wanda ya riga ka ko gefen da ciyawa ta kama, ka bar agogo ya faɗi abin da yake so.

Sai ƙaya. Karangiya tana manne wa safa da igiyar takalmi, tsidau yana kwance a ƙasa yana jira, ƙayar aduwa da ta bagaruwa kuwa suna huda takalmi mai siririn ƙasa. Abebe Bikila ya ci maraton na gasar Olamfik a Roma a 1960 ba takalmi, amma ba a bakin fadama ya yi ba, kada wani ya ruɗe ku da labarinsa.

Akwai kuma wani abu da sai wanda ya yi gudu a bakin ruwa ya sani: gaɓar tafki tana ɗan karkata zuwa ruwa. Ido ba ya ganin karkatar, gwiwa tana ganinta. Ƙafar da ke gefen ruwa kullum tana sauka ƙasa da ɗayar kaɗan, ƙugu ya karkace, bayan awa biyu sai ka ji wani zafi kamar ana soka maka allura a gefen gwiwa ta waje. Zagayen tafkin bai kai kilomita 42 ba, dole ku maimaita hanya. To ku riƙa juyawa: in kun yi zagaye ɗaya ruwa na hannun dama, na gaba ya koma hannun hagu. Wannan ƙaramar dabara tana ceton gwiwoyi da yawa. Ku kuma auna hanyar a makon da za ku yi gudun, domin bakin ruwan yana matsawa da lokacin shekara. Inda kuka bi a Nuwamba ba lalle ya zama nan ne hanya a Janairu ba, ga masu lambu da ke bin ruwa suna shuka.

Zafi shi ne abin da ya fi tsorata ni a shirin naku. Lokutan maraton sun fi kyau idan ma'aunin zafi yana wajen digiri 10 zuwa 12, abin da ba kasafai muke samu ba ko a tsakiyar hunturu. In kana son misalin hanya shimfiɗaɗɗiya a bakin ruwa, duba abin da ya faru a Doha a gasar duniya ta 2019. An fara maraton na mata da tsakar dare don gudun rana, a kan titin bakin teku, ba tudu ko ɗaya. Zafi ya haura digiri 30, iska cike da laima. Mata 68 suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba, wadda ta zo ta ɗaya, Ruth Chepngetich ta Kenya, ta yi awa 2 da minti 32, nesa ƙwarai da saurin da ta saba. Waɗannan kuwa ƙwararru ne da gudu shi ne sana'arsu. Dalilin shi ne jiki ba ya huce zafi sai gumi ya bushe a kan fata. In iska ta jiƙe, gumi zuba kawai yake yi. Jini kuma ya rabu biyu, wani ya tafi fata don sanyaya jiki, wani ya tafi tsoka, zuciya ta ƙara bugu a kan saurin da bai canza ba.

A wurinmu wannan yana nufin ku manta da Satumba da Oktoba. Tafki a cike yake, wurin ya yi kyau, amma laima da zafi sun haɗu, ga sauro. Afrilu da Mayu kuwa, da ma'auni ke wuce digiri 40, ba a ma maganarsu. Disamba ko Janairu ne lokacinku, ku tashi da an sallame sallar asuba. Ko a haka, mai awa 4 da rabi zai ƙarasa ne wajen ƙarfe 11 saura, rana ta riga ta ɗaga, wato sa'ar da jiki ya fi rauni ita ce sa'ar da ta fi zafi. Hunturu ma yana da yaudararsa: iska a bushe take, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, ka ɗauka ba ka zufa, sai ka ga farin gishiri ya fito a riga da gefen hula. In hazo ya yi kauri ranar, har ba a hango gaɓar can, ku ɗaga gudun. Awa huɗu ana zuƙar ƙura da baki buɗe ba abin da zai ƙara wa ƙirji sai ciwo.

Game da ruwa, kada ka bi lissafin wani, ka auna naka. Hau sikeli kafin gudun awa ɗaya, ka sake hawa bayan ka dawo ka goge jiki. Duk kilo 1 da ya ragu, ruwa ne lita 1, sai ka haɗa da abin da ka sha a hanya. Yawancin mutane a zafi suna zubar da lita 1 zuwa 2 a awa. Ba za ka iya mayar da duka ba kana gudu, ba a kuma buƙatar haka. Kurɓa kaɗan-kaɗan duk bayan minti 15 zuwa 20, wajen leda ɗaya zuwa leda ɗaya da rabi ta piya wata mai rabin lita a awa, gwargwadon ƙishi. Akasin haka ma yana kisa: wanda ya yi ta ɗura ruwa zalla fiye da abin da ya zubar, gishirin jininsa yana tsinkewa, kai ya yi ciwo, ciki ya kumbura, ya fara ruɗewa. Ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yaro mai zawo ya wadatar: lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka riƙa cakuɗa shi da ruwa zalla a hanya.

Abinci kuma tun a minti 40 na farko za ka fara, kafin yunwa ta zo. Abin da ake nema giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa. Ba sai ka nemi kayan Turawa masu tsada ba. Dabino mai laushi guda 6 zuwa 8 a awa, a cire ƙwallon tun a gida, ko ayaba, ko zuma a ƙaramar leda. Ƙuli-ƙuli da kilishi ka bar su sai an gama, mai da nama suna daɗewa a ciki. Duk abin da za ka ci ranar, ka riga ka gwada shi a horo, har da kunun da za ka sha awa 2 zuwa 3 kafin tashi. Kwana biyu kafin ranar ka ƙara tuwo da shinkafa, ka rage yaji da wake.

Abu ɗaya nake roƙonka da girman Allah: kada ka sha maganin kashe ciwo don ka yi gudu. Ibuprofen da diclofenac, in suka haɗu da zafi da ƙarancin ruwa, ƙoda suke taɓawa. Tramol kuwa, da wasu samari ke ɗauka yana ƙara ƙarfi, yana rufe maka alamun da jiki ke bayarwa, yana kuma iya kawo farfaɗiya. In wani cikin abokanka ya kawo wannan shawara, ka hana shi. Haka wanda ya yi zazzaɓi a makon, ko bai gama maganin maleriya ba, ya haƙura. Kowa ya je likita a auna masa hawan jini, ya kuma san rukunin jininsa na sikila, domin mai AS, ko da lafiyarsa ƙalau, yana cikin haɗari fiye da saura idan wahala da zafi da ƙishi suka taru.

Horo kuwa, ka ba shi mako 16. Gudu sau huɗu a mako, ɗaya dogo, kana ƙara nisa sannu a hankali har ka kai kilomita 30 zuwa 32 sau biyu ko uku, na ƙarshe saura mako 3, daga nan ka riƙa ragewa. Muhimmin abu shi ne dogon gudun ya kasance a ƙasa irin ta ranar. Madarunfa kilomita 20 da ɗoriya ne daga Maradi, ku haɗa kuɗin mota ku je can ko sau uku. Sauran ranaku ga gulbi nan a gefen gari, da rani rairayinsa ya ishe ka makaranta, amma ka fara da minti 10, domin agara ba ta son a yi mata ba-zata. Ka ƙara da ɗaga dunduniya a bakin matakala, da tsayuwa a ƙafa ɗaya ido rufe. Wasu ranakun ka fita da hantsi don jiki ya saba da rana, sabon yana samuwa cikin kwana 10 zuwa 14.

Takalmi ko na gwanjo ne ba laifi, in dai ƙasansa bai cinye ba kuma yana da kauri. Ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakinsa. Safa mai tsawo, man kaɗanya ko basilin a tsakanin yatsu da cinyoyi da hammata, filasta a kan nono. In ka ji rairayi ya shiga takalmi, tsaya ka zazzage. Minti ɗaya ne. In ka ƙi, tsakuwar da ba ta kai ƙwayar gero ba za ta yi maka bororo ta hana ka taka ƙafa a kilomita 10 na ƙarshe.

Ranar gudun, ka fita a minti 6 da daƙiƙa 20 zuwa 30 a kilomita inda ƙasa ke da tauri, a rairayi ko ya kai minti 7 da rabi kada ka damu. Ma'auninka shi ne magana: har zuwa kilomita 25 ya zama kana iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba tare da ta yanke ba. Za ka ji kamar kana ɓata lokaci, za ka ga wasu sun wuce ka. Ƙyale su. Ka yi tafiyar minti ɗaya a duk wurin shan ruwa tun daga farko, wannan yana canza wa tsoka aiki, abin da tudu zai yi maka da akwai shi. A fili irin wannan ido ma yana gajiya, ka hango kuka kamar ga ta nan, ka yi ta gudu ba ta matso ba. Ka daina duban nesa, ka raba hanyar daga wurin ruwa zuwa wurin ruwa. In ka kai kilomita 32 da sauran ƙarfi, nan ne za ka ƙara sauri.

Tunda ku ne masu shiryawa, akwai nauyi a kanku. Ku je ku gaida mai gari ku sanar da shi, wurin yana da masu shi: masunta, masu lambu, makiyaya, ga kaburburan waliyai 99 da ake ziyarta a kewayen tafkin, a bi su da ladabi da suturar da ta dace. Ledar ruwa kada a yar, dabbobi suna ci. Kada kowa ya faɗa tafki don ya huce ko ya sha ruwansa, kwantaccen ruwa irin wannan ba a raba shi da haɗarin tsargiya. A ajiye ruwa duk kilomita 3 zuwa 4, da tulu ko randa ta ruwan sanyi da zannuwa, a samu ƴan kabu-kabu biyu da suka iya rairayi suna zagayawa, mota ɗaya kuma tana tsaye inda hanya ta fi kusa, a sanar da ma'aikatan lafiya na garin tun kafin ranar.

Kowa cikinku ya san alamar bugun zafi: mutum ya fara tangaɗi, yana sambatu, ya kasa faɗin inda yake, ko ya yi ta faɗa ba dalili. Ko yana gumi ko ba ya yi, a tsayar da shi, kada a saurari rantsuwarsa cewa lafiyarsa lau. A kai shi inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, jiƙaƙƙen zane a wuya da hammata da matsematsi, a fara wannan nan take kafin abin hawa ya iso, a ci gaba da yi a hanya har likita. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki. Ku zaɓi mutum ɗaya wanda ba ya cikin masu gudu, ku ba shi ikon cire kowa daga hanya, ku kuma amince a gabansa tun kafin a tashi cewa maganarsa ce ta ƙarshe.